Ɗigon Jini a Kan Tayil Ko Gwajin DNA? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso filin Lafiya Uwar Jiki a wannan wata kusan duk a kan jini suke, kuma mafi yawansu daga ƙauyukan Kano da Jigawa. Mun tsamo guda shida. Likitan cututtukan jini da masanin ɗakin gwaji ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Gumel. Na ji an ce yanzu akwai gwajin DNA na gaggawa da ke faɗin rukunin jinin mutum. Gaskiya ne? Zai iya maye gurbin tayil ɗin da muke aiki da shi?

Wa alaikumus salam, Malam. Gwajin akwai shi, sai dai kalmar "gaggawa" ɗin ce ke ruɗa mutane. Tayil ɗinka minti 2 yake ba ka amsa. Babu gwajin DNA da ya kama ƙafarsa a sauri.

Bambancin ya taso ne daga abin da kowannensu yake dubawa. Tun da Karl Landsteiner ya gano rukunonin A da B da O a Biyana a 1901, abin da ake yi shi ne a duba alamar da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye. Shi kuwa gwajin DNA umarnin da ya sa jiki ya ƙera alamar yake karantawa. Umarnin ABO, wato rukunonin A da B da O, yana kan kuromosom na 9, ɗaya daga cikin dunƙulallun zaren DNA da ke cikin ƙwaya, kuma sai a 1990 aka karanta shi. Na Rh, alamar da ke sa a ce mutum fozitif ne ko negetif, yana kan kuromosom na 1. Wani abin sha'awa, jajayen ƙwayoyin da ake son sanin rukuninsu ba su da DNA ko kaɗan, domin ba su da cibiyar ƙwaya, inda DNA ke zama. Daga fararen ƙwayoyin jini ake tatso shi, ko daga goge cikin kumatu da auduga.

Ga yadda aikin yake tafiya. A ɗebi jini mililita 2 zuwa 3 a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da sinadarin EDTA. Kada a zuba a mai koren murfi, domin hefarin ɗin da ke cikinta yana hana aikin tafiya. Daga nan a ɗauki kamar maikrolita 200 a fitar da DNA, abin da ke cin kusan rabin awa ko fiye. Sai a sa a na'urar PCR, irin wadda jama'a suka san sunanta a zamanin korona. Ita kuma ta riƙa kai zafi kusan digiri 95 tana saukowa wajen 60, sau 30 zuwa 40, har guntun da ake nema ya yawaita a iya ganinsa. Idan komai ya tafi daidai, awa 3 zuwa 5 ke nan. A zahiri kuwa ana tara samfura ne a yi su tare saboda tsadar kayan aiki, don haka amsa takan ɗauki kwanaki.

Wanda aka fi kira na gaggawa shi ne LAMP, da aka ƙirƙiro a Japan a 2000. Shi ba ya bukatar hawa da saukar zafi. Ana ajiye bututun a digiri 60 zuwa 65 na minti 30 zuwa awa ɗaya, launin ruwan ya sauya idan abin da ake nema yana ciki. A takarda wannan kamar don ƙauye aka yi shi. Amma yana da mugun hali guda: yawan DNA ɗin da yake haifarwa ya wuce misali, ta yadda in aka buɗe bututu ɗaya bayan an gama, ɓurɓushinsa zai bi iska ya gurɓata ɗakin, gwaje-gwajen da za su biyo baya su riƙa nuna fozitif na ƙarya har tsawon makonni. Ɗakin da ake ɗibar jini, a duba maleriya, a ci abincin rana duk a tebur ɗaya ba wurin LAMP ba ne.

Akwai kuma tarkon da ya shafe mu, mu 'yan Afirka. A Turai, kusan duk mai Rh negetif ya rasa ƙwayar halittar RHD, mai ƙera alamar Rh, ne ɗungurungum. Don haka gwajin da aka tsara a can tambaya ɗaya yake yi: RHD tana nan ko ba ta nan? A wurinmu kuwa, kusan biyu cikin uku na masu Rh negetif suna ɗauke da ita, amma gurguwa ce, ba ta ƙera komai. Kamar rijiya ce da bakinta da gugarta, amma ba ruwa. Gwajin da bai san da wannan ba zai ga bakin rijiyar ya ce fozitif, alhali mai cikin da aka gwada negetif ce, a hana ta allurar anti-D da take bukata don kare jaririnta. Duk wanda ya zo maka da tallan irin wannan kaya, tambayar farko ita ce ko yana gane gurguwar RHD ta mutanen Afirka.

Hatta a ƙasashen da ke da kayan aikin, ba a sakin ledar jini a kan amsar DNA kaɗai a ɓangaren ABO. DNA hasashe yake yi, ruwan gwaji kuwa gani yake da ido, kuma gani ya kori ji. Kuɗin da za a kashe a kan na'ura gara a sayi firjin sola da ƙaramin injin juya bututu.

Likita, an gwada ni a wuri biyu. Wuri ɗaya an ce B fozitif, ɗayan an ce AB fozitif. Jini yana canzawa ne? Daga wata matar aure a Sumaila.

Malama, rukunin jini ba ya canzawa, in ban da wanda aka yi wa dashen ɓargo. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan kuskure ne, kuma bari mu faɗi inda kuskuren ke shigowa, don masu aikin su ma suna karanta wannan fili.

Ana ɗiga ruwan gwaji uku a kan farin tayil: shuɗi na A, rawaya na B, da marar launi na D, wato Rh. Kowanne ɗigo ɗaya, a sa masa ɗan ƙaramin ɗigon jini, a gauraya da tsinke, a riƙa karkata tayil ɗin a hankali. Inda jini ya yi gudaji kamar nonon da ya tsinke, alamar tana nan. Ba abin da ya kai shi sauƙi, shi ya sa ake masa riƙon sakainar kashi.

Babban maƙiyin tayil a ƙasarmu shi ne bushewa. A hunturu ko tsakiyar bazara, ɗigon yakan fara ƙafewa daga gefe kafin minti 3, ya tsattsage, mai gaggawa ya ɗauka gudaji ne. Ta haka B ke komawa AB. Ka'ida ita ce a karanta cikin minti 2, bayan nan a wanke a sake, kuma kada a yi aikin ƙarƙashin fanka. Sai tsinke: in aka juya shuɗi da rawaya da baki ɗaya, an kwashi wannan an kai wa wancan. Sai yawan jini, domin in ya rinjayi ruwan gwaji gudajin ba ya fitowa sosai, A ta zama O. Shi kansa ruwan gwajin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya kwana uku a firjin da ba wuta, ko ya daskare, ko ya yi gurɓi-gurɓi, ƙarfinsa ya tafi ko da ranar da ke jikin kwalbar ba ta wuce ba. Kowace safiya a gwada shi da jinin da aka riga aka san rukuninsa.

Akwai ɗigo na huɗu da yawancin mutane ke tsallakewa: jinin mutumin da ruwan gishirin asibiti kaɗai. In shi ma ya yi gudaji, to duk sauran amsoshin ba abin dogaro ba ne. Wasu masu ciwo ƙwayoyinsu kan jeru kamar kwabbai, wasu kuma jininsu kan dunƙule da kansa in ya ji sanyi. Na farko ɗigon ruwan gishiri yana warware shi, na biyu sai an wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri mai ɗumin jiki, digiri 37. Jinin cibiyar jariri ma sai an wanke shi sau uku ko huɗu saboda yauƙin da ke tattare da shi.

Abin da za ki yi shi ne ki je babban asibiti ki ce a yi miki gwajin bututu, gaba da baya. Gaba shi ne a duba ƙwayoyinki bayan an wanke su an sirka su zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Baya shi ne a haɗa ruwan jininki da ƙwayoyin A da na B da aka sani. In B ce ke, ruwan jininki zai dunƙule ƙwayoyin A. In AB ce, ba zai taɓa ko ɗaya ba. Amsoshin biyu dole su yi daidai da juna kafin a rubuta a kati. Kuskuren da ya fi kowanne kisa dai ba na tayil ba ne, na biro ne: a rubuta sunan wata a kwalbar wata. Ki tsaya ki ga an rubuta sunanki kafin ki tashi.

Ranka ya daɗe, 'yata za a aurar, an ce sai an kawo takardar jinotayif. Ita O ce, yaron ma O ne. Ba shi ke nan ba? Daga wani dattijo a Ɗanbatta.

Baba, Allah ya sanya alheri. Ba shi ke nan ba, abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. O da A da B rukunin jini ne, alama ce a bayan ƙwaya, kuma amfaninta ranar ƙarin jini. Jinotayif kuwa, wato AA da AS da SS da AC da SC, maganar abin da ke cikin ƙwayar ce, kuma shi ya shafi amosanin jini. Mai O yana iya zama SS. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin kafin aure a Kano, da ya haɗa da jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta.

Duk da sunansa, gwajin da ake yi a asibitocinmu ba na DNA ba ne. Sinadarin da ke ba jini launi ake rarrabewa. Tsohuwar hanya ita ce a ja shi da lantarki a kan wata takarda ta musamman. Yanzu akwai tsinken gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na maleriya, da ke ba da amsa cikin kamar minti 10 daga ɗigon yatsa, ba wuta ba firji. Suna gane A da S da C, kuma suna aiki har a kan jariri sabon haihuwa. A lura da karatunsu: a HemoTypeSC, layin da ya ɓace shi ne abin da mutum ke da shi, akasin yadda aka saba. Wanda bai karanta takardar cikin kwali ba zai juya amsar.

Abu biyu za ku kiyaye. Akwai wani gwaji mai araha da ake kallon ko ƙwayoyi sun lanƙwashe kamar lauje a madubin likita. Wannan ba ya bambanta AS da SS, don haka bai isa takardar aure ba. Na biyu, duk wanda aka yi wa ƙarin jini kada a gwada shi sai bayan wata 4, domin jajayen ƙwayoyi kan yi kwana kusan 120 a jiki. Mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai fito AS. In AS ta auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki da lissafinsa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, shi ya sa ake ganin gidan da uku a jere duk masu ciwon ne.

Likita, O negetif ce ni. Na haifi na fari lafiya, na biyu ya yi shawara kwana ɗaya da haihuwa ya koma. A gida ana cewa wabi ne. Yanzu ina da ciki wata uku. Daga wata mata a ƙauyen Ringim.

Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Ƙanwata, abin da kika faɗa ya yi kama da rikicin Rh, kuma yana da hanya. Masu Rh negetif a Najeriya kimanin biyar ne cikin ɗari. In uwa negetif ce, ɗan cikinta fozitif, jininsa kaɗan kan shiga nata lokacin haihuwa ko ɓari, jikinta ya ɗauke shi baƙo ya tanadi makamai. Na fari ya riga ya fita, na bayansa makaman ke samu. Suna farfasa masa jini, ya zo da ƙarancin jini da shawara tun ranar farko, wani ma ya kumbura tun a ciki.

Allurar anti-D, maikrogiram 300, ana yin ta a mako na 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne, haka nan bayan ɓari ko zubar jini ko faɗuwa a kan ciki. In awa 72 ta wuce, har kwana 10 ana iya yi, ko da yake ƙarfinta ya ragu. Ita ma 'yar firji ce, kada a saya inda aka jera ta a kanta. Amma a nan gizo ke saƙa: allurar hana makaman samuwa take yi, ba ta kwance waɗanda suka riga suka samu. Don haka abin da ke gabanki yanzu shi ne gwajin Kumbs a jininki, wanda ke duba ko jikinki ya riga ya tanadi makaman. In ya nuna makaman suna nan, awonki ya tashi daga ƙaramin asibiti ya koma inda ake da likitan mata da na jarirai da bankin jini, kamar Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, kuma haihuwa a can za a yi, ba a gida ba. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a ranar farko fitilar asibiti yake bukata, wani lokaci har da musayar jini. Hantsi ba ya maganinsa.

A gwada maigidan ma. In negetif ne, sai a nemi dalilin a wani wuri, domin ƙarancin sinadarin G6PD da ƙwayoyin cuta su ma suna sa jarirai shawara. In fozitif ne, yana iya kasancewa rabi da rabi, kowane ciki ya zama da damar zuwa negetif. Nan ne gwajin DNA ya yi rawar gani. A 1997 Dennis Lo ya gano cewa DNA ɗin ɗan tayi yana yawo a jinin uwa, kuma tun 2010 ƙasar Denmak take ɗibar jinin uwa ta gane Rh ɗin ɗan da ke ciki ba tare da an taɓa shi ba. Ga matanmu sai an yi hattara da gurguwar RHD ɗin nan da muka ambata, don ta uwar kan rufe ta ɗan.

Ga sauran mata masu karantawa: ɓarin wata biyu ko uku yawanci ba Rh ke jawo shi ba. Kuma Rh negetif ba dalilin fasa aure ba ne.

Ɗana mai sikila ne, shekararsa 9, an yi masa ƙarin jini sau shida. Wannan karon an gwada leda huɗu duk an ce ba su dace ba, alhali duk O fozitif ne kamarsa. Daga wata uwa a Birnin Kudu.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Waɗanda suka ƙi sa masa jinin sun kyauta. Rukunonin jini sun haura 40, ABO da Rh su ne kawai aka fi sani. Akwai C da E da Kel da Dafi da Kid da sauransu. Duk ledar da aka ƙara masa tana iya zuwa da alamar da jikinsa bai sani ba, ya tanadar mata makami, sai a gaba duk ledar da ke da wannan alama ta ƙi shiga.

Irin ɗanki shi ne ainihin wanda gwajin DNA ya fi yi wa amfani. Jininsa yanzu gauraye yake da na mutanen da suka ba shi, ruwan gwaji ba zai iya tantance nasa da nasu ba. DNA kuwa daga fararen ƙwayoyinsa ake ɗauka, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Yana kuma tono abin da ruwan gwaji ba ya gani: a cikin 'yan Afirka akwai masu D ko e da bai cika ba, su fito fozitif amma jikinsu ya yaƙi cikakken na wani. Ba gwajin ranar da yaro ke kwance ba ne. Ana yin sa lokacin da yake lafiya, a ajiye amsar.

Kafin a kai ga haka, ki nemi a tura ku wurin likitan jini a asibitin koyarwa, a binciko wane makami ne a jininsa da sunansa, a rubuta a kati. Ki tanadi littafi: ranar kowane ƙarin jini, leda nawa, PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, kafin da bayan. Makamin kan lafa ya ɓuya bayan watanni, gwaji ya nuna ba komai, sai an sa jinin ya farka. Alamarsa ita ce kwana 3 zuwa 14 bayan ƙarin jini fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ido ya ƙara rawaya, ciwon ƙashi ya taso, PCV ya faɗi. In kin ga haka ki faɗa wa likita ranar da aka yi ƙarin tun kafin ya tambaya, domin sake sa jini cikin gaggawa a wannan hali yana iya ƙara dagula lamarin. Iyayen da ba a taɓa ƙara wa ɗansu jini ba, su roƙa a duba masa C da E da Kel tun kafin ledar farko.

Ni A ne, matata B, jaririnmu an ce O. Zuciyata ta kasa kwanciya. Na roƙi a ɓoye garina.

Malam, kwantar da ita. Kowa yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa, kuma O kan ɓuya a bayan A ko B. Kana iya zama AO, ita BO, ɗan ya ɗauki O daga kowannenku. Ma'aurata irinku suna iya haifar A da B da AB da O duka a ɗaki ɗaya. Ko a inda lissafin ya ƙi fita, kuskuren tayil ake fara zargi, musamman a jinin jariri, wanda alamominsa ba su gama ƙarfi ba kuma ba a iya yi masa gwajin baya sai ya kai wata 4 zuwa 6. Akwai ma nau'in da aka gano a Bombay a 1952, mai fitowa O alhali yana ɗauke da A ko B a ɓoye yana gadar wa 'ya'yansa. In kana son katin yaron ya zama daidai, a sake gwada shi da bututu bayan ya cika wata 6.